Allurar Rage Ƙiba A Ingila: Layin Asibiti Ko Kasuwar Intanet?

A wurinmu, in mutum ya yi ƙiba sai a ce ya sami hutu. A Ingila kuwa ƙiba ta zama cuta mai cinye kuɗin gwamnati, gama cikin kowane manya huɗu za a sami aƙalla ɗaya wanda jikinsa ya wuce kima. Ƙiba irin wannan ita ce takan jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya. Bari mu duba yadda mutanen can suke neman sabuwar allurar rage ƙiba.

YADDA ALLURAR TAKE AIKI

Allurai biyu ne suka fi suna. Ɗaya ita ce Wegovy, ta kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak. Ɗayar kuma Mounjaro, ta kamfanin Eli Lilly na Amurka. Sau ɗaya a mako ake yinsu, a fatar ciki ko cinya. Suna kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Abinci kuma yakan daɗe a ciki, sai kwaɗayi ya ragu.

A wani gwaji da aka buga a 2021, masu yin Wegovy sun rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Watau mai kilo 100 ya sauka zuwa 85. Amma waɗanda suka daina, kafin shekara ta kewayo, kashi biyu cikin uku na abin da ya zube ya komo. Ashe magani ne na doguwar tafiya.

WA GWAMNATI KE BIYA WA?

Tun 1948 Ingila take da hukumar lafiya da ake kira NHS. Da kuɗin haraji ake gudanar da ita, mutum kuwa yakan ga likita kyauta. A Disamba 2024 aka amince hukumar ta riƙa ba da Mounjaro domin ƙiba. Sai aka lissafta aka ga mutum wajen miliyan 3.4 ne suka cancanta. Ina kuɗin, ina ma'aikatan? Saboda haka aka shirya a bi a hankali, har shekara 12, a soma da mutum 220,000 cikin shekara uku na farko.

Da aka soma a Yuni 2025, an sa sharaɗi mai tsauri. Akwai wani ma'auni da ake kira BMI: a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba da tsawonsa a mita, a sāke rabawa da tsawon. Sai wanda lissafinsa ya kai 40 aka fara dubawa. Ga mai tsawon mita 1.7, wannan kusan kilo 116 ke nan. Ga 'yan asalin Afirka da Asiya an sassauto zuwa 37.5, domin ciwon sukari yakan kama su tun ƙibar ba ta yi nisa ba. Ban da haka, sai mutum yana da huɗu cikin cututtuka biyar: ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya, yawan kitse a jini, da sarƙewar numfashi cikin barci.

KASUWAR INTANET

To, wanda bai cika sharaɗin nan ba fa? Sai ya nufi kantin magani na intanet, ya biya daga aljihunsa. A can, wanda ma'auninsa ya kai 30 yana iya samu. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. A Satumba 2025 kamfanin ya ɗaga farashin Mounjaro mafi ƙarfi daga fam 122 zuwa fam 330 a wata.

Da fari wasu kantunan takardar tambayoyi kawai suke sa a cike. Sai siraran mutane suka riƙa ƙara wa kansu nauyi a takarda, allura ta iso musu har gida. Don haka a Fabrairu 2025 hukumar kula da masu harhaɗa magani ta ce takarda kaɗai ba ta isa ba. Lalle ne a tabbatar da nauyin mutum, ko ta ganinsa ido da ido, ko ta bidiyo, ko daga bayanan likitansa.

Akwai kuma 'yan damfara, masu talla a dandalin sada zumunta ba tare da takardar likita ba. A Oktoba 2023 an kwantar da wasu a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi jabun Ozempic, wadda sinadarinta ɗaya ne da Wegovy. An gano maganin insulin ne a ciki, shi ya sa sukarin jininsu ya faɗi. A Yuni 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunnen ƙasashe duka a kan irin wannan jabu.

ABIN LURA

Ko allurar gaske ma tana da nata wahalar: tashin zuciya, amai, zawo, wani lokaci har da tsakuwa a matsarmama. Mai juna biyu ba ta yinta sam. Aikin likita ne ya auna wannan duka, ya soma da ƙaramin ƙarfi, ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan.

Mai karatu, intanet ba ta da iyakar ƙasa. Tallan da ya ruɗi Bature yana iya faɗowa a wayarka gobe. Duk kantin da bai tambayi nauyinka, da cutarka, da magungunan da kake sha ba, kuɗinka yake so. In kana da ɗan'uwa a Ingila wanda layin asibiti ya gajiyar, ka ce masa in zai saya, ya duba rajistar kantin tukuna, ya kuma gaya wa likitansa. Hausawa sun ce garin neman ƙiba akan samo rama. Kada garin neman rama kuma a rasa rai.