Laburare: Rumbun Littattafai Na Kowa Da Kowa

Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci yana da sauran aiki a gabansa, wato ya riƙe karatun kada ya gudu. Fartanyar da aka jingine tsatsa take yi. Haka karatu yake idan babu abin karantawa. Maganin wannan shi ne laburare.

Laburare ɗaki ne da ake tara littattafai da jaridu domin jama'a su karanta. Akwai na makaranta, domin ɗalibai da malamansu. Akwai kuma na gari, wanda manomi da makiyayi da matar aure duk suna da ikon shiga. A wasu wuraren, wanda ya yi rajista yana iya aron littafi ya je gida da shi, ya mayar kafin wa'adi ya cika.

Abin ba sabo ba ne. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, an buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa. Mutane sukan je can neman labarin yaƙi. A 1964 aka kafa Laburaren Ƙasa na Nijeriya. A Kano kuma akwai Laburaren Murtala Muhammed.

Yanzu labari a wayar hannu yake zuwa, shi ya sa wasu ke cewa laburare ya zama tsohon yayi. Amma waya tana cin kati da caji, kuma tana kawo gaskiya haɗe da ƙarya. Littafin laburare kuwa, mutum ɗari sai su karanta shi bai ƙare ba.

Aikin laburare ƙaruwa ma ya yi. Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. Yaron ƙauye da bai taɓa dafa kwamfuta ba yana iya faɗuwa, ko da ya san amsa. Laburaren da aka sa wa kwamfuta wurin koyo ne gare shi.

Abin takaici, makarantun ƙauye da yawa ba su da laburare. Wasu kuma ɗakin a kulle yake, gara tana cin littattafan.

Ba sai an jira gwamnati ba. Akwati ɗaya ya isa a fara. Ƙungiyar iyaye da malamai ta tara littattafan noma da na kiwon lafiya da na hikaya, a damƙa wa mutum mai amana, a riƙa rubuta sunan duk wanda ya ara. Da haka karatun da aka sha wuya a kansa zai zauna.