Baƙon Da Ya Shiga Kano Ba Wanda Ya Waiwaye Shi

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka, in yi wa 'yan'uwana masu karatu wata magana bisa ga matafiya.

Abin da ya jawo maganan nan, wani ƙanena ne ya kai tsohuwarmu neman magani birnin Alƙahira ta ƙasar Masar, ya kwana tara ya komo. Da muka taru nan Lahodu muna yi masa barka da zuwa, aka tambaye shi labarin gari, sai ya ce shi dai bai taɓa ganin mutane marasa kirki kamarsu ba. Wai ya fito masauki da babbar riga da sabuwar hula, ya yi ta sallama bisa hanya, ba wanda ya tsaya ya tambaye shi gajiya. Kowa sauri ya ke yi, ƙarar motoci kuwa ba ta yankewa dare da rana. Na ce masa, "Haba ƙane, garin da ya tara mutum fiye da miliyan 20, shi da kewayensa, in kowa ya tsaya gaisuwa irin tamu, yaushe za a kai kasuwa?" Jama'a suka yi dariya. Amma da na koma gida sai na tuna da wani baƙo wanda irin wannan abu ya sama cikin ƙasarmu, yau fiye da shekara 200.

Baƙon nan shi ne Kyaftin Clapperton, hafsan sojan ruwa na Ingila, wanda mutanen ƙasan nan suka sani da suna Abdullahi. Ya taso daga Tarabulus cikin 1822, ya ƙetare Hamada, ya iso Kukawa ta Barno cikin 1823. Daga can ya nufo Kano, abokin tafiyarsa Likita Oudney ya mutu a hanya kusa da Katagum. Tun kafin ya iso, fataken Larabawa sun cika masa kunne da girman Kano. Sabo da haka ran 20 ga Janairu 1824, ranar da zai shiga birni, sai ya caɓa ado da kayan soja, yana tsammani gari zai fito kallonsa.

Da ya ƙetare ƙofa sai gwiwarsa ta yi sanyi. Bai tarar da gidaje nan kusa ba, sai fili, gidajen suna can wajen rubu'in mil daga ganuwa, a warwatse tsakanin manyan kududdufai. Abin da ya fi ba shi haushi kuwa, ba mahalukin da ya juyo ya dube shi. Kowa ya sa sabgarsa gaba, har ya ga wahalar banza ya yi wajen ado. Shi da kansa ya rubuta haka. To, da a ran nan ya juya, wane labari ku ke tsammani zai kai wa mutanen Ingila? Da ya ce musu Kano kufai ce, mutanenta kuma ba su san darajar baƙo ba.

Amma Allah ya sa ya zauna fiye da wata guda, ya shiga kasuwa, ya yi ciniki, ya yi tambaya. Sa'an nan ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ganuwa kuma kewayenta wajen mil 15, da ƙofa 15. Ya ga sarkin kasuwa shi ke ba da rumfuna, ana ciniki da wuri, mai sayarwa yana mayar wa mai saye biyu cikin ɗari don neman albarka. Har laima ƙirar Ingila ya tarar ciki ya saya. Ya kuma ga wata ƙa'ida wadda ta ba shi mamaki, watau ana rubuta sunan dillali cikin ƙunshin riga ko turkudi. In an kai kayan har Barno aka kwance aka ga algus, sai a komo da su, dillali ya nemo mai kaya, a tilasta masa ya mai da kuɗi. Mutumin nan da ya raina gari ranar fari, shi ne ya koma yana yabon adalcin kasuwarsa. Ashe waɗanda ba su waiwaye shi ba, sana'a ce ta sha musu kai.

Ba yabo kaɗai ya yi ba. Ya ga yadda a ke zuba ƙazantar gari cikin Jakara, ya ce shi ke jawo ciwo. Ya kuma ga rumfunan da a ke sayar da bayi, abin da Allah ya raba mu da shi.

Daga Kano ya iso Sakkwato ran 16 ga Maris 1824, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi. Ya ce cikin garuruwan da ya gani a tsakiyar Afirka babu mai yawan jama'a kamarta, ga gidaje a jere bisa hanyoyi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tambaye shi ƙungiyoyin Nasara na zamanin da, yana kiran sunayensu, har baƙon ya yarda karatunsa bai kai nan ba. Ya sake zuwa karo na biyu, ajali ya same shi a Sakkwato cikin Afrilu 1827.

Bayansa sai Dakta Barth, Bajamushe, wanda a ke kira Abdulkarim. Shi ya shiga Kano cikin Fabrairu 1851, ga talauci, ga bashi, ga zazzaɓi, gari ya yi masa baƙi ƙirin. Da ya sami sauƙi ya hau doki ya kewaya, sai ya koma yana yabon masaƙa da marina, yana cewa tufafin Kano suna kai wa har Tarabulus da Tambutu. Cikin 1853 ya zo nan wajenmu, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna Wurno fiye da wata guda, cikin 1854 kuma ya sake biyowa bisa hanyarsa ta komowa daga Tambutu. Ya yaba alherin da Sarki ya yi masa, amma bai yaba tsabtar garin ba, kamar yadda bai yaba ta Kano ba.

To, jama'a, ga abin da na fahimta cikin labarin mutanen nan biyu. Abin da baƙo ya ke gani ranar fari, yawancinsa halin da ya shigo da shi ne: ɗaya ya shigo da son a kalle shi, ɗaya da ciwo da bashi, ƙanena kuma da tsohuwa ba lafiya. Ba banza ba a ke cewa baƙo ko da ido makaho ne. Sabo da haka wanda Allah ya ba ikon zuwa Makka, ko Alƙahira, ko Kumasi, kada ya yi wa mutane miliyoyi hukunci da kwana tara. Ya shiga kasuwarsu, ya dubi awonsu da makarantunsu da yadda su ke kwashe shara, ya tambayi dalili. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Raba, sa'ad da ya tafi Ingila cikin 1948, yadda su ke tafiyar da mulkin garuruwansu ya je dubawa. Tafiya irin wannan ita ce mabuɗin ilimi.

Amma fa abin da baƙo ya gani ranar fari, ya zauna wata guda bai sake magana ba, wannan a karɓa, ko da ɗaci. Mu ma muna da baƙi. Ana zuwa Wurno ziyarar kabarin Muhammadu Bello, wanda ya rasu cikin 1837. Fatake suna zuwa daga nesa sayen albasa da tafarnuwa da shinkafa na fadamun Rima, daga Goronyo har Wurno. In sun bi lungunanmu me za su shaƙa? In sun kai buhu gida sun kwance, abin da su ka gani bisa shi za su tarar ƙasa? Dillalin Kano na 1824 ya yarda ya sa sunansa cikin kaya. Ina roƙon sarakunan kasuwanninmu da dillalai su duba ko za mu iya haka yau, malaman makaranta kuma su ba yara labarin nan. Baƙo raɓa ne, gobe ya tafi, amma Abdullahi da Abdulkarim sun tafi tuntuni, ga shi har yanzu ana karanta abin da su ka faɗa a kanmu.

Allah ya ƙara wa jarida farin jini. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta,
Lahodu, ƙasar Wurno.