Ciwon Sikila Da Shafin Da Jiki Ke Rufewa

Iyaye da yawa sun shaida wannan al'amari: akan haifi jariri mai ciwon sikila, watau amosanin jini, lafiya lau, ba a ganin alamar kome sai ya kai kamar wata shida, sa'an nan hannuwa da ƙafafu su soma kumbura. To, mene ne ya tsare shi a watannin farko?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kusan kowace tana ɗauke da littafin gado iri ɗaya, mai umarni wajen 20,000. Amma ba duka take karantawa ba. Ƙwayar ido ta buɗe shafinta, ta hanta ta buɗe nata, sauran kuwa suna naɗe tam. Akwai waɗansu sinadarai masu tsaro da ke zama a bakin kowane umarni, su buɗe shi ko su rufe, gwargwadon wuri da lokaci.

Haka abin yake ga himogulobin, sinadarin jajayen ƙwayoyin jini wanda ke ɗaukar iskar numfashi. Ɗan tayi yana da irin nasa dabam, wanda ya fi iya jawo iska daga jinin uwa. Bayan haihuwa sai jiki ya rufe wannan shafi sannu a hankali, ya koma ga na manya. Aibin sikila kuwa a cikin na manyan yake. Shi ke sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe jijiyoyi.

A 1948 wata likita a Amurka, Janet Watson, ta lura jinin jarirai bai cika lanƙwashewa ba, ta ce himogulobin na tayi ne dalili. Sai a 2008 masana a Boston suka tabbatar da mai tsaron da ke rufe shafin, sunansa BCL11A. Daga nan aka yi tunanin cewa in an raunana shi, shafin zai sake buɗewa.

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da magani mai suna Casgevy. Akan ɗebi ƙwayoyin da ke haifar jini daga jikin majiyyaci, a yanke wurin da ke ta da wannan mai tsaro, kana a mayar masa da su, su ci gaba da yin himogulobin na tayi. Sai dai aikin na da wuya, kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2, alhali Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon.

Duk da haka akwai hydroxyurea, ƙwayar magani mai sauƙin kuɗi, wadda ita ma ke ƙara himogulobin na tayi, ta rage yawan tashin ciwo. Iyayen mai sikila su tambayi likita a kanta, masu niyyar aure kuma su auna jininsu tukuna.