Nijar: Yadda Kiristocin da suka tashi ba uba ke fama da batun aure

A garuruwan Maraɗi, Damagaram da Dogon Dutsi na Jamhuriyar Nijar, akwai wani rukuni na jama'a da ba kasafai ake jin labarinsu ba, wato samari da 'yan mata Kiristoci da suka haura shekara talatin ba su yi aure ba, waɗanda kuma da yawansu sun tashi ne a hannun iyayensu mata kaɗai, saboda uba ya tafi biɗa Najeriya, ko Libiya, ko Abijan, tun ana jin ɗuriyarsa har aka daina.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. Haka kuma binciken lafiyar iyali na wannan shekarar ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18. A irin wannan ƙasa, macen da ta kai talatin a ɗakin uwarta ta zama abin nuni a unguwa, shi kuwa namiji tuzuru zai sha ba'a a wurin abokan wasansa.

Matsalar farko ita ce ƙarancin wanda za a aura. Majami'u suna kwaɗaitar da mabiyansu su auri 'yan'uwansu a bangaskiya, kuma ba su ɗaura aure da mace ta biyu. Saurayi Kirista ba zai samu 'yar Musulmi ba, domin shari'ar Musulunci ba ta yarda ba, amma Musulmi yana iya neman Kirista a matsayinta na Ahlul Kitabi. Saboda haka budurwa kan tsinci kanta tsakanin zaɓi biyu: ta karɓi mai nemanta daga waje, ta san 'ya'yanta za su bi addinin ubansu, ko kuwa ta ci gaba da jira, shekaru na tafiya.

Wani hanzari ba gudu ba, a ƙasar Hausa aure ba na mutum biyu ba ne. Dangin uba ne ke zuwa neman aure, su ne ke bayar da 'ya, kuma uba ne ke taimaka wa ɗansa da sadaki, ya yanka masa gefen gida inda zai ajiye amarya. Wanda ubansa ya ɓace, tambayar farko da surukai za su yi masa ita ce, ɗan gidan wa ne? Idan baffanni sun juya baya, musamman inda addini ya raba dangi, sai a nemi kawu ko wani dattijon ikilisiya ya tsaya. Ga kuma batun gona, domin ba a raba gadon wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba, sai fili ya zauna a hannun dangi shekara da shekaru, ɗa yana gani ba ya da iko.

Tarihi ya nuna cewa wannan ba baƙon abu ba ne ga Kiristocin ƙasar. Mishan ta SIM ta sauka a Damagaram a 1924, daga baya ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da kuma wurin jinyar kutare a Danja. Cikin mabiyan farko akwai marayu da majinyata da yaran makarantun kwana, waɗanda suka girma nesa da gidajen ubanninsu, mishan ta zame musu uwa da uba, har da tsaya musu wajen aure. Yanzu da ragamar majami'u ke hannun 'yan ƙasa, nauyin ya koma kan fastoci da dattawa da Zumuntar Mata.

Ta fuskar koyarwa, masu wa'azi kan kafa hujja da Zabura ta 68, wadda ta siffanta Allah da mai tsaya wa marayu, da kuma wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa sura ta 7, inda aka nuna cewa zama ba aure ba aibi ba ne. To sai dai kiran Allah da sunan Uba, wanda shi ne mafarin addu'ar da kowane Kirista ya haddace, yana da nauyi a bakin wanda bai san uba ba sai a hoto. Sannan gafarar da ake wa'azinta kowace Lahadi takan zo har ƙofar gida, ranar da tsoho ya dawo hannu rabbana, ba lafiya, yana neman wurin kwana. Iyalai da dama sun ga haka a 2011, lokacin da yaƙin Libiya ya koro dubban 'yan Nijar gida.

Abin lura shi ne, galibin waɗannan da ake wa gori su ne ke riƙe da gidajen, su ne ke ciyar da uwa, su biya wa ƙanne kuɗin makaranta. Ya kamata ikilisiyoyi su dube su da wannan ido, su sa su cikin shawara, su kuma rage tsadar biki, domin wanda ba shi da uban da zai tallafa masa ya iya kafa nasa gidan.