Shayin Kanti da Mai Juna Biyu: Wanne Za Ki Sha, Kofi Nawa, Kuma Yaushe?

Uwargida, idan kika aika yaro shagon bakin hanya a Mungadi, ko maigida ya dawo daga kasuwar Jega da cefane, da wuya a rasa kwalin ganyen shayi a cikin kayan. A da shayi abin karin kumallon ma'aikata ne da matafiya. Yanzu kuwa ya shiga kowane gida, musamman lokacin hunturu, kuma teburin mai shayi ba ya rabuwa da jama'a tun daga Maiyama har Aliero. Shi ya sa mata da yawa suke tambaya a wurin awon ciki: shin shayi yana da illa ga mai juna biyu? Amsar ita ce ba a hana ki shan shayi ba, amma akwai iyaka, akwai lokacin da bai dace ba, kuma ba duk abin da aka rubuta wa "shayi" a kwali ne shayi ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abubuwa biyu da ke cikin ganyen

Baƙin shayi da koren shayi duk daga itace ɗaya suke fitowa. Bambancinsu wajen sarrafawa ne: ana barin ganyen baƙin shayi ya sha iska har ya yi duhu, shi kuwa kore ana turara shi ko a gasa shi da wuri don kada launinsa ya juya. Saboda haka dukansu suna ɗauke da sinadarai biyu da suka shafe ki.

Na farko shi ne kafeyin, sinadarin da ke kore barci ya wartsake mutum. Yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, shi kuwa jaririn hantarsa ba ta yi ƙwarin da za ta sarrafa shi ba. Ke ma da kanki, yayin da ciki ke tsufa jikinki yana rage saurin fitar da shi. Abin da a da jikinki ke rage rabinsa cikin kamar awa 5, a watannin ƙarshe yana iya ɗaukar ninki biyu ko uku na wannan lokaci. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mai juna biyu da ke shan kafeyin fiye da miligiram 300 a rana ta rage, don kauce wa ɓarin ciki da haihuwar jariri marar nauyi. Likitocin mata na Amurka da hukumar lafiya ta Ingila sun fi tsanantawa, sun ce kada a wuce miligiram 200 a rana. Wannan adadi na biyu shi ne ya fi dacewa ki riƙe.

Na biyu shi ne tanin, wanda ke ba shayi baurin nan da kike ji yana kama harshe. Tanin yana manne wa sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, ya hana hanji tsotse shi, alhali da sinadarin ƙarfe ne jiki ke haɗa jini. Tun a shekarar 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka nuna haka, kuma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa kofin shayi da aka sha tare da abinci yana iya rage ƙarfen da jiki zai samu daga hatsi da wake da ganye da fiye da rabi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 61 cikin ɗari na masu juna biyu suna fama da ƙarancin jini. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya kayar da ita.

Baƙin shayi mai zare

Wannan shi ne wanda aka fi sani: Lipton, Top Tea, Highland Tea da makamantansu. Highland Tea a gida ake nomansa, a Kakara da ke tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba. Idan kika jiƙa su a kofuna daban-daban za ki ga wani ya fi wani saurin yin ja, wani ya fi ƙanshi, wani ya fi bauri. Zaɓi wanda bakinki ya fi so, domin ta fuskar lafiya kusan duk tafiyarsu ɗaya ce. Babban kofi guda yana ɗauke da kafeyin kimanin miligiram 75. Ke nan kofi biyu a rana sun kai ki 150, na uku kuwa ya tsallake iyaka.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne yadda aka dafa. Ki gwada da kanki: ki tsoma ganye ɗaya a ruwan zafi na minti ɗaya ki cire, ki bar wani ya yi minti biyar, sannan ki ɗanɗana. Na biyun zai fi duhu da bauri, kuma ya fi fitar da kafeyin da tanin. Tukunyar da ta wuni a kan wuta ana ta ƙara mata ganye, kamar yadda ake yi a wasu teburan shayi, ta fi wannan ma ƙarfi. Don haka ganye ɗaya a kofi ɗaya, minti ɗaya zuwa biyu, ya ishe ki.

Koren shayi da shayin Buzaye

Koren ganyen da ake sayarwa a ƙananan kwalaye, wanda akasari daga ƙasar Sin yake zuwa, shi ake dafa atayi da shi, wato shayin Buzaye. Ɗanɗanonsa ya fi ɗaci, ruwansa fatsi-fatsi, kuma mutane da yawa suna ɗauka tun da ba shi da duhu ba shi da ƙarfi. Ba haka ba ne. Koren shayi yana da kafeyin, wani lokaci daidai da na baƙi, kuma shi ma yana hana jiki tsotsar ƙarfe. Yadda ake dafa atayi kuwa yana ƙara masa ƙarfi: ganye mai yawa, ruwa kaɗan, tafasa mai tsawo, ga sukari jingim. Kada ƙanƙantar kofin gilashin ta ruɗe ki. Dahuwar farko ita ce mafi ƙarfi, ki bar wa maza ita. Idan kina marmari, ki jira ta uku, ki sha ɗan kofi ɗaya.

Nescafé da shayi mai kauri

A wurin mai shayi, kalmar shayi ta haɗa har da gahawa da Milo da Bournvita. Babban kofin gahawar gari irin Nescafé yana da kafeyin kusan miligiram 100, ya fi na baƙin shayi. Idan aka haɗa ganyen shayi da Nescafé a kofi guda, kamar yadda direbobin dogon zango suke so, to kin kusa cinye kason yini a zama ɗaya. Milo da Bournvita da Ovaltine kafeyin ɗinsu kaɗan ne, daga koko yake fitowa, don haka ta wannan fuska sun fi sauƙi. Matsalarsu sukari ce. Da sukarinsu suke zuwa, sannan a ƙara ƙwaya huɗu ko biyar, a zuba madara. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya kai kimanin ƙaramin cokali 12, har da wanda ke cikin lemon kwalba da biskit. Idan an taɓa gaya miki kina da ciwon sukari na ciki, ko kin taɓa haihuwar jaririn da ya kai kilo 4, ki tattauna da likita a kan wannan.

Ki kuma tuna cewa lissafin kafeyin na yini ɗaya ne gaba ɗaya. Gwangwanin lemo baƙi irin Coca-Cola yana da kusan miligiram 40. Lemon ƙara kuzari yana da kusan 80 a ƙaramin gwangwani, kuma gara ki bar shi kwata-kwata har ki haihu. Goro ma yana da kafeyin sosai. Wadda ta sha shayi kofi biyu da safe, ta ci goro da rana, ta sha lemo da yamma, ta wuce iyaka ba ta sani ba.

Citta, na'ana'a da zoɓo

Waɗannan ba ganyen shayi ba ne, don haka ba su da kafeyin, sai fa idan an gauraya su da shi. Ki sa a karanta miki kwalin. Citta tana da yaji da ɗumi, kuma tana cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a gwada don rage tashin zuciyar laulayi. Ɗan yanki kamar kan yatsa a kofin ruwan zafi ya isa. Idan tana tayar miki da ƙwannafi, ki rage. Na'ana'a ma kofi ɗaya ko biyu ba laifi. Amma haɗin kayan ƙanshi mai yawa, a tara kanumfari da kimba da masoro da kirfa a dafa su yi kauri ana sha kullum kamar magani, ba a tabbatar da amincinsa ga mai ciki ba. Ɗan abin da za ki sa don ƙanshi daban ne. Zoɓo kuma yana sauke hawan jini, kuma ba a yi isasshen bincike a kan masu juna biyu ba, saboda haka kada ki mai da shi abin sha na kullum, musamman a watanni uku na farko.

Wanda za ki guje wa baki ɗaya

Akwai kwalaye masu hoton mace siririya da ake kira shayin rage ƙiba ko na rage tumbi. Da yawansu ganyen filasko ne a ciki, wato maganin wankin ciki. Abin da suke yi shi ne sa gudawa da murɗar ciki, su ƙarar da ruwa da gishirin jiki. Ba na mai ciki ba ne, ba kuma na mai jego ba. Haka nan duk shayin da aka ce yana maganin basir da sanyi da taifot a lokaci guda, ko wanda aka ƙulla a leda babu suna babu bayani. Kafin a saya, a duba abu uku: lambar rajistar NAFDAC, ranar da zai lalace, da jerin abubuwan da ke ciki. Ganyen da ya sha danshi yana warin fumfuna a zubar da shi.

Shayi da ƙwayar ƙarin jini

A wurin awo ana ba ki ƙwayar ƙarfe da ta folik asid ki sha kullum. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗiye su da shayin safe. Idan kina son gani da idonki, ki daka ƙwayar ƙarfe ɗaya ki zuba a ragowar ruwan bunu. Za ki ga ya koma baƙi ƙirin kamar tawada. Ƙarfen ne ya haɗu da tanin, kuma irin haka ke faruwa a cikinki. Ki zubar da shi, ba na sha ba ne. Zuba madara ba ya magance matsalar, domin ita ma madarar tana rage tsotsar ƙarfe.

Dabarar mai sauƙi ce. Ki sha ƙwayarki da ruwa, in da hali ki bi ta da lemon zaƙi ko gwaba ko mangwaro, domin bitamin C da ke cikinsu yana taimaka wa ƙarfe shiga jiki. Ki bar aƙalla awa ɗaya tsakanin shayi da abinci, awa biyu tsakaninsa da ƙwayar. Idan safiyarki ba ta yiwuwa sai da shayi, ki mayar da ƙwayar zuwa dare. Tuwo da miyar zogale ko alayyahu, wake, kifi da nama su ne masu gina miki jini, kada ki bi su da shayi nan take. Kuma shayi da burodi kaɗai ba karin kumallon mai ciki ba ne. Ki haɗa da ƙwai dafaffe ko ƙosai ko alale.

Maigida da uwar miji

Ku ne kuke saye, ku ne kuma kuke ba da shawara. Maigida, idan za ka kawo tsaraba daga Jega, ƙwai da kifi da lemon zaƙi sun fi mata lemon ƙara kuzari amfani nesa ba kusa ba. Inna, bayan haihuwa ma a ci gaba da lura, domin kafeyin yana shiga ruwan nono, kuma idan ya yi yawa yana iya hana jariri barci ya sa shi rigima. Jaririn kansa kada a ɗura masa shayi ko da cokali ɗaya. Nonon uwa zalla ne abincinsa da abin shansa har wata shida. Yaran da suka fara cin abinci ma shayi yana rage musu ƙarfe kamar yadda yake yi wa uwarsu.

Yaushe za ki je asibiti?

Shayi yana iya rufe gajiya na ɗan lokaci, amma ba ya ƙara jini. Idan kina yawan jin jiri, ko haki bayan ɗan aiki kaɗan, ko bugun zuciya da sauri, ko kin ga tafin hannunki da cikin idonki sun yi fari, ki je asibiti mafi kusa a auna jininki, kada ki jira ranar awo. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna cinye jini, don haka ki kwana cikin gidan sauro, ki karɓi maganin rigakafin da ake bayarwa a wurin awo. Idan kin saba shan kofi huɗu ko biyar a rana, ki riƙa rage ɗaya bayan 'yan kwanaki, domin dainawa farat ɗaya tana kawo ciwon kai. In kina shakkar wani kwali da ke gidanki, ki sa shi a jaka ki zo da shi ranar awo ki nuna wa ma'aikaciyar jinya.

Allah Ya raba lafiya.