Waken Suya Da Kuɓewa A Gona Ɗaya

Yara, kun sha ganin gero da wake a gona ɗaya. Wannan dabara ce ta kakanninmu. Yau za mu ga yadda a ke haɗa waken suya da kuɓewa, da amfanin yin haka.

Asalin waken suya daga ƙasar Sin ya ke. A Nijeriya, Tibi na Binuwai su ne suka fara shahara wajen nomansa. Da shi a ke yin awara da madara da daddawa, a kan kuma tatsi mai daga gare shi. Kuɓewa kuwa kowa ya san ta a miya, ɗanya ko busasshiya.

Ƙasarmu ta kan gaji da wuri, gama rana ta na ƙona ta, ruwan sama mai ƙarfi kuma ya na wanke abincin shuka. Gonar da ta gaji ba ta cika rumbu, kuma takin zamani ya na da tsada. To, a nan ne waken suya ya ke taimako. In kun tumɓuke shi, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. A cikinsu akwai waɗansu ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Su ne su ke ɗebo abincin shuka daga iska, su ba waken. Saboda haka ba ya ƙwace wa kuɓewa nata rabon da yawa. Bayan girbi, ganye da saiwa su kan ruɓe, ƙasa ta ƙaru, shukar baɗi ta ji daɗi.

Ban da wannan, ganyen waken ya kan rufe ƙasa, ya hana ciyawa tashi, ya kuma tsare laima. Kuɓewa ta kan fara 'ya'ya bayan kamar wata 2, a riƙa tsinka duk bayan kwana 2 ko 3. Ke nan manomi ya na samun miya da kuɗin kashewa tun waken bai nuna ba. In ɗaya ya ƙi, ɗayan ya fisshe shi.

Amma fa sai an lura. Kuɓewa ta fi waken tsayi, in an cunkusa su, inuwarta za ta danne shi, ya yi 'ya'ya kaɗan. Don haka a kan ba kowanne nasa layi, a bar fili tsakani.

Irin waken ma ba ɗaya ba ne. Akwai mai saurin nuna, kamar kwana 90 zuwa 100, akwai kuma mai kai wata 4. Masana na cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, sun fitar da iri-iri da suka dace da ƙasarmu. Inda damina ta ke gajera, mai saurin nuna ya fi. In ya bushe, kada a yi jinkirin girbi, gama kwanson ya kan fashe, ƙwaya ta zube.

Ku roƙi malaminku ya ba ku kunya huɗu a lambun makaranta, ku gwada da daminar bana. In waken ya yi fure, ku tumɓuke guda, ku fasa ƙullin saiwarsa. In cikinsa ja-ja ne, to, 'yan halittun nan su na aikinsu.