Wane Zane Ya Dace Da Lissafin Kuɗi?

Wani mai sauraronmu daga Kunci, ma'ajin ƙungiyar manoma, yana tambaya: wane zane zai sa a rahoton kuɗin da kwamfuta ke fitarwa?

To Malam, manhajar adana bayanai irin Microsoft Access, wadda ta fito a 1992, tana da zane iri-iri. In farashin gero kake bi daga kaka zuwa damina, ɗauki na layi. In bashin ƙauyuka za ka kwatanta, sai na sanduna. Kason kuɗin taki, iri da ƙwadago kuwa, mai kama da faifai ya fi. Amma fa ka tantance alƙalumanka tukuna, don kuskure ɗaya kan ɗora wa manomi bashin da bai ci ba.

Da fatan ka gamsu.